Yoyon mai a murfin inji: yadda na yi da tsohuwar Corolla tawa

Duk mai tsohuwar mota a garin nan na Damagaram ya san warin nan na ƙonannen mai da ke shigowa ta taga in an tsaya, ka buɗe kapo ka ga saman inji ya yi baƙi ƙirin, ƙura ta manne da mai ta zama kamar kwalta. Tawa Corolla ce ta shekarun 90 mai injin 4A-FE, kuma abin da ke yoyo shi ne jowan ɗin murfin inji, robar nan da ke kwance tsakanin murfi da kulas, wato kan inji. Zafi ne ke kashe ta, ga zafin inji ga namu na watan Afrilu da Mayu, roba ta bushe ta yi tauri ta daina kama ƙarfe, mai ya samu hanya ya gangaro kan bakin salansa yana hayaƙi.

Abu na farko da na yi wanke injin na yi, don da ƙurar hunturu a kai ba za ka taɓa gane inda man ke fitowa ba, ko'ina jiƙe yake. Na wanke, ya bushe, na yi ɗan yawo hanyar Mirriya na dawo, sai na nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe tunda mai ƙasa yake bi. A kusurwar murfin ne gefen bel. Da na zare wayar buji kuma sai ga ramin buji ɗaya cike da mai, ashe shi ya sa motar ke ɗan shaƙewa da safe. A irin wannan injin bujin ta tsakiyar murfi suke shiga, kowane rami da zoben robarsa, to in za ka sayi jowan ka sayi cikakken saiti har da zobban nan huɗu da ƙananan robobin da ke ƙarƙashin notina, kar mai shago ya ba ka babbar kawai.

Na bari inji ya huce sarai kafin in taɓa. Kwance murfin ba wani aiki ba ne, kile lamba 10 ya isa, in ya manne a ɗan bubbuga da hannu ko katako, ban da cusa sukundireba ana ɓanɓara don alminiyon ne, ƙarzuwa ɗaya ta zama sabuwar hanyar mai. Tsohuwar robar da na ɗago ta karyewa ta yi a hannuna gutsi-gutsi. Inda aikin yake shi ne gogewa, na zauna da tsumma da ɗan esans na bi bakin kulas da ramin murfi har sai da yatsa ya daina jin santsi, kuma na rufe saman injin da tsumma mai tsabta saboda iskar nan tamu ba ta da kunya, yashi ya faɗa kan kam, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul ɗin inji, ka jawo wa kanka wani aikin.

Sai maganar silikon, nan ne muka yi gardama da wani dattijon makanike maƙwabcina. Ya ce "yaro, shafe ta duka ka huta." Na ce Baba a yi mini haƙuri, wannan karon ɗigo kawai zan sa. Gaskiya yawancin garejinmu haka ake yi, a lafta silikon zagaye kamar ana yaɓen ɗaki, kuma ranar farko ba ya yoyo shi ya sa ake ganin dabara ce. Amma in an ɗaure, rabin silikon ɗin ciki yake matsewa, ya bushe ya gutsure ya bi mai zuwa ƙasa ya toshe rariyar famfon mai, kuma injin da mai bai hau masa sama ba kowa ya san ƙarshensa. Wurin da ake sa shi kusurwoyi ne kawai, inda robar ke hawa kan gadar kam ta sauko, ɗigo kamar ƙwayar wake.

Ɗaurewa ma da sauƙin hannu ake yi. Notinan nan ƙanana ne, a yawancin ƙananan injuna ƙarfin ɗaurinsu bai wuce Nm 10 ba a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, wato da yatsu biyu a kan kile ka gama. Na fara daga tsakiya ina tsallakawa gefe da gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu. Mutane in sun ga yoyo sai su ƙara matsewa, robar ta murƙushe, in murfin na kwano ne irin na tsofaffin motoci bakinsa ya lanƙwashe wajen ramukan, daga nan ko sabuwar jowan ka sa sai an miƙar da bakin da guduma tukuna.

Abin da ba a cika dubawa ba kuma shi ne numfashin inji. Akwai ɗan bawul a kan murfin da ake kira PCV da tiyonsa, shi ke fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. In ya toshe iskar nan sai ta nemi mafita, ta tura mai ta inda ya fi rauni. Na ciro nawa na girgiza, shiru, ya kamata a ji yana ƙas-ƙas. Na canza shi tare da tiyon da ya tsage, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wajen bidanj kuma na hana yaran gareji cika mai ya wuce layin sama na sandar awo, wai don "tafiya ta yi nisa".

In ka yi duk wannan man bai daina ba, buɗe marfin zuba mai inji na aiki ka duba. In hayaƙi na bugowa da ƙarfi to segman ne, wato zobban fistan, suka gaji, wannan kuma ya wuce aikin ƙofar gida, sai a sauke inji.