Turancin Jane Austen ba na takardar ofis ba ne

Ƙannena masu karatun adabin Ingilishi, ku yi hattara da kalmomin da tsofaffin marubutan Ingila ke siffanta halin mutum da su. Kalmar tana nan yadda take a rubuce, amma ma'anarta ta daɗe da yin ƙaura.

Ni hadda ce ta cuce ni. Littafin rubutu guda na ware, duk babbar kalmar da na ci karo da ita sai in kwafe, in rataya mata fassara ɗaya, in wuce. A Pride and Prejudice, littafin marubuciya Jane Austen wanda ya fito a 1813, Mista Collins ba ya gajiya da yabon Lady Catherine da condescension. A wancan zamani yabo ne: babba ya sauko daga matsayinsa ya kula ƙarami, kamar hakimi ya tsaya gaisawa da mai faskare. Haka ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya bayyana ta. Na ɗauke ta da zafinta, na rubuta wa wani malamina takardar godiya, na ce shi mutum ne condescending. Ya kira ni ofis, ga takardar a gabansa, ya ja wa kalmar layi da jan biro. "Kai, me na yi maka?" Ashe a Turancin yau cewa na yi yana kallon mutane a raine.

Ko littafin ma ban karanta shi da kyau ba. Collins bafade ne mai neman gindin zama, matar da yake wa kirari kuwa girman kai kamar ya kashe ta. Austen dariya take yi musu su biyun. Don haka kafin ku aro kalma, ku duba bakin da ta fito.

Irinta suna da yawa. Sensibility saurin motsuwar zuciya ce, ba hankali ba. Candour a wurin Austen kyautata zato ne, yau kuwa faɗin gaskiya ba ɓoye-ɓoye. In ta ce wani ya karɓi baƙo da civility kawai, sau da yawa gaisuwar fita hakki ce, ba sakin fuska.

Ku riƙa kwafe jimlar ɗungurungum, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da shekarar littafin. Babban ƙamus na Oxford yana nuna lokacin da aka fara ganin kowace ma'ana a rubuce. Ku leƙa shi kafin ku sa tsohuwar kalma a takardar neman aiki.