Liyari da shekarar 1780: yadda nake yi masa kuɗi

Ina da ɗan shago a Kasuwar Kurmi, Kano, inda nake saye da sayar da tsofaffin kayan azurfa. Abin da aka fi kawo mini shi ne liyari, kuɗin nan mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, da gaggafa mai kai biyu a bayansa. Fatake ne suka shigo da shi ta hamada, kuma lokacin da Bature Barth, matafiyi ɗan Jamus, ya zo Kano a 1851, ana canza guda ɗaya da wuri 2,500.

Yawancin masu kawo shi sun riga sun ga 1780 a jiki, sun sa rai da dukiya. Nan nake fara yin bayani a hankali, domin ba na son mutum ya tafi yana zaton na cuce shi. A 1780 sarauniyar ta rasu. 'Yan kasuwar Larabawa da Habasha sun saba da wannan hoton, ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar ba canji: a Biyana babban birnin Ostiriya, a Rum, a Landan, a Faris, har Bombay lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Har gobe Ostiriya na buga shi. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufa.

Ma'auni nake fara ɗauka. Na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, tsantsar azurfar da ke ciki kuwa giram 23 da 'yan kai. Wannan ne gindin farashi, gwargwadon yadda azurfa ta kwana a kasuwa. Sai in kara masa maganaɗisu, domin azurfa ba ta manne masa, in ɗora shi a kan yatsa in ƙwanƙwasa. Azurfa tana da amo mai tsawo, jabu kuwa "ƙwas" yake yi ya mutu. Daga nan in duba rubutun da ke kewaye da bakinsa, wurin da masu zubin jabu suka fi kasawa, da 'yan ɗige-ɗigen da ke kafaɗar sarauniyar, ko sun suɗe.

Idan na ga alamun bugun farko, ba na yanke farashi ni kaɗai, sai na tura hoto ga masana.

Abin da ke ci mini rai shi ne narkarwa. Maƙeran fari sun daɗe suna mayar da liyari munduwa da zobe, sana'arsu ce, ban zarge su ba. Amma wanda ya fito daga adudun kaka lafiyayye, ba huda, ba maƙalin sarƙa, bai kamata ya shiga wuta ba. Irinsa nakan ƙara wa mai shi kuɗi in ajiye. Kuma ina roƙon masu shi su daina goge shi da toka ko lemun tsami kafin su kawo. Baƙin nan da ya kwanta a jikinsa masu tara tsofaffin kuɗi na so, gugar kuwa rage masa daraja take yi.