Rarar firem: abin da na koya wajen sa tiranzishan a Premiere Pro

Bidiyon walimar saukar Alƙur'ani nake tacewa a manhajar Premiere Pro, kyamara biyu, firem 25 a kowace daƙiƙa, wato hotuna 25 a jere. Na jera guntayen a layin aiki, na danna mahaɗar guda biyu, na buga Ctrl+D don in sa Cross Dissolve, wato tiranzishan ɗin da ke sa hoton farko ya narke cikin na biyu. Sai saƙo ya fito cewa hoton bai isa ba, za a maimaita firem. Na amince. Da na kunna, sai ga malam ya daskare da hannu a sama kusan rabin daƙiƙa kafin hoton ɗalibai ya bayyana.

Ga dalilin. Kafin hoto biyu su narke cikin juna, dole a nuna su tare a lokaci ɗaya. Saboda haka manhajar tana leƙawa bayan inda ka yanke, ta ɗebo daga abin da ka datse ya ɓuya. Wannan ɓoyayyen saura shi nake kira rara. Narkewa mai daƙiƙa ɗaya da ta zauna a tsakiyar yanka tana cin firem 12 ko 13 daga wutsiyar guntun farko, ta ci kamar haka daga kan na biyu. Ni kuwa na ja guntun malam har firem ɗinsa na ƙarshe, daidai inda mai kyamara ya kashe. Da babu abin ɗiba, sai ta yi ta maimaita hoto ɗaya.

Premiere yana nuna alama tun kafin a kai nan. Ƙaramin farin kusurwa-uku a saman gefen guntu yana nufin rara ta ƙare. Idan kuma ka ga zane-zane a karkace a kan tiranzishan ɗin, to akwai firem da aka maimaita.

Gyaran hanya biyu ne. Ko ka danna B don ɗauko abin datsewa, ka datse firem 13 daga wutsiyar guntun, sauran guntayen su matso da kansu, sannan ka sake sa narkewar. Ko kuma, idan guntu na biyu ne mai rara, ka shiga Effect Controls ka mayar da zamanta End at Cut, ta gama narkewa daidai kan yanka, ta ci daga kan na biyun kawai. Ta biyun na bi, don ban so in rasa ƙarshen maganar malam. A DaVinci Resolve, wata manhajar tace bidiyo, inda Ctrl+T ke sa tiranzishan, manhajar kan tambaye ka ko ta datse guntayen da kanta. Ka sani idan ka yarda, tsawon aikin zai ragu, kuma sautin da ka shimfiɗa a ƙasa yana iya gocewa.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyewa: rara tana nan, amma shara ce. Wurin da mai kyamara ya girgiza hannu ko ya juya yana neman wani, shi ka yanke ka jefar, kuma shi narkewar za ta tono. Sai ka bi ta firem-firem da maɓallin kibiya za ka gani. Tun daga lokacin nake roƙon masu ɗauka su riƙe kyamara cak na daƙiƙa uku kafin abu ya fara, da uku bayan ya ƙare.

Tsawon narkewa kuma, daƙiƙa guda ta yi wa yawancin wurare yawa. Na shiga Preferences, sashen Timeline, na mayar da shi firem 12. Dip to Black, wadda hoto ke dusashewa zuwa baƙi kafin na gaba ya fito, na bar ta ga inda rana ta canja ko wuri ya canja. Sauran duk yanka ne kai tsaye. Masu juye-juye da walƙiya ban taɓa su ba, don hankalin mai kallo suke ɗaukewa daga fuskar yaron da ya yi sauka.

Sauti ne ya fi cin lokacina. Yankan da ba a gyara ba yakan yi ƙas a kunne. Ctrl+Shift+D yana sa Constant Power, wato narkewar sauti, ni kuma in rage shi zuwa firem biyu, ƙarar ta ɓace. Idan na riƙe Alt na ja sautin guntu na gaba ya riga hotonsa shigowa da rabin daƙiƙa, mahaɗar takan yi santsi ba tare da wata narkewa ba. Amma a kan karatu ba na narkar da sauti ko kaɗan. Sai mai karatu ya yi waƙafi nake yanka, don kada harafi ya hau kan harafi.

Guntayen da aka turo daga waya su ma sun ba da wahala, domin waya takan sauya yawan firem tana cikin ɗauka, baki ya saɓa da murya. Na bi da su ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, na tsayar da su a firem 25. Inda jan layi ya fito a saman tiranzishan, na buga Enter ya sarrafa kafin in yanke hukunci a kanta. Da na tura gwaji ta WhatsApp, dogayen narkewa ne suka fi farfashewa, saboda kowane ɗigon hoto yana canjawa a lokacin kuma matsewar da WhatsApp ke yi wa bidiyo ba ta iya riƙe su. Na koma na ƙara gajarta guda uku zuwa firem 8.