Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Injin Wanki Ya Yi Shiru

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin wanki a sansanin sojojin Amurka na 201, wanda ke kudu maso gabashin Agadas. Mu 'yan gari barikin Amurkawa muke ce masa. Ba sojojin ne suka ɗauke ni ba, wani ɗan kwangila ne, kuma shi ke biyanmu. Kafin asuba mota ta kwashe mu, a caje mu a ƙofa har cikin takalmi, sannan mu wuni tsakanin kaki, tawul da zannuwan gado. An ce an kashe dala miliyan 110 wajen gina wurin. Tun 2019 jirage marasa matuƙi ke tashi daga can, ni kuwa ban taɓa matsawa kusa da ko ɗaya ba. Ƙararsu kawai na sani.

Albashin kam ba ya makara, kuma ba ya kwana a aljihuna. Mai gidan haya ya karɓi nasa, mai shago ya goge bashi, mahauci ya san ranar da zan zo, uwargida ta zuba adashi, ƙanwata ta samu kuɗin makaranta. Haka yake ga direban tankar ruwa, da magina, da masu shara. Kowane ɗayanmu akwai gidaje uku ko huɗu a bayansa.

Baba ne kaɗai bai taɓa yi mini murna sosai ba. Wata rana bayan la'asar na kawo masa shayi da sukari, ya dube su ya ce, "Ɗana, Allah ya yi albarka. Amma kayan aro ba ya rufe katara."

Na ce, "Haba Baba, mutanen da suka zuba wannan dukiya a ƙasa, ina za su?"

Ya yi murmushi kawai. Shi ya san abin da ya gani. Shekara da shekaru yana tuƙa Turawa 'yan yawon buɗe ido zuwa Timiya da rairayin Tenere, suna ɗaukar hoton hasumiyar babban masallaci, suna sayen azurfar maƙera. Tawayen Abzinawa na 2007 ya zo, Turawa suka ɗauke ƙafa, motarsa ta zama gidan kaji. Yayana kuma ya koma jigilar matafiya zuwa Libiya, kowace Litinin ayari ya kama hanyar Dirku. Da aka yi dokar 2015 da ta haramta wannan sana'a, aka kama motarsa a shekarar da ta biyo baya. An yi musu alkawarin jari don su canza sana'a, ya cike takardu har ya gaji. Ko da aka soke dokar a Nuwamban 2023, rana da ƙura sun riga sun cinye motar. Wasu abokansa sun tafi haƙar zinariya a Jado, wasu Arlit, can ma aka rufe ɗaya daga cikin mahaƙun yuraniyom a 2021. Gidanmu ɗaya, sana'a uku, kuma duk wadda ta mutu ba a Agadas aka yanke mata hukunci ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aiki ya fara ja baya. Sojojin Faransa suka fice a watan Disamba. Muka riƙa lallashin kanmu cewa namu daban ne. Daren 16 ga Maris 2024, cikin azumi, muna zaune a ƙofar gida aka sanar a talabijin cewa gwamnati ta soke yarjejeniyar soja da Amurka. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wai da gaske ne?" Ban amsa ba.

A nan zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Da aka yi zanga-zanga a gari cikin Afrilu ana cewa su tafi, ban fita ba, amma ban ga laifin waɗanda suka fita ba. Maƙwabcina ya tambaye ni, duk idon da jiragen nan ke da shi, me ya sa 'yan fashi ke tare hanya? Ba ni da amsa. Shi ma da na tambaye shi wa zai biya mini haya, bai da ita.

Ranar 5 ga Agusta 2024 na ƙarshensu suka bar sansanin. Mu an sallame mu tun kafin nan. Ranar da na kashe injin wanki na ƙarshe, shirun da ɗakin ya yi sai da ya ba ni tsoro.

Kawuna, ƙanen Inna, shi ya zo daga Tabelot, can cikin duwatsun Abzin, ya same ni ina kwance da rana tsaka. Manomin albasa ne a garkar da ya gada. Albasar Abzin tana da wata fa'ida: tana isa kasuwa wajen ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, don haka take tsada. A da, da raƙumi suke jan ruwa daga rijiya, yanzu sai injin ban ruwa, shi kuwa nasa ya mutu.

Ya ce, "Kai da kuɗin sallama, ni da ƙasa. Ka sayi inji, mu raba amfani."

Na ce, "Kawu, ni fa ban san kan albasa ba."

Ya ce, "Da ka san kan wandon Bature?"

Baba ya yi dariya har da tari. Na sayi injin, na sayar da babur na ƙara kuɗin mai. Abin da Kawu bai gaya mini ba shi ne iyakar Benin na nan a rufe, kuma hanyar Agadas zuwa Tawa ta lalace har babbar mota kan yi kwanaki a kanta. Na gane haka ne da buhunanmu na farko, a bayan wata mota da ta karye tsakanin Agadas da Abalak, rana na dukan albasa, wari ya fara tashi. Yadda muka kwashe da direban nan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.