Abin da mafarkan Girkawa suka koya mini a digiri na biyu

A kashi na 2 na Iliyad, tsohuwar waƙar Girkawa kan yaƙinsu da birnin Turoy, Ziyus, babban abin bautarsu, ya so jefa rundunar Girkawa cikin masifa, sai ya aika wa Sarki Agamemnon mafarkin ƙarya. Mafarkin ya zo da kamannin Nestor, dattijon da sarkin ya fi girmamawa, ya tsaya a kansa ya ce ya tashi ya ɗaura yaƙi, birnin Turoy ya zo hannu. Da gari ya waye sarki ya tara manya ya ba su labari. Nestor na gaske ya miƙe ya ce da wani ne ya zo da wannan zance da sun ƙaryata shi, amma tunda babbansu ne ya gani, a tara mayaƙa. Haka aka kai bayin Allah ga halaka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kwamitin kare kundi ya san irin wannan majalisa.

Babina na uku a kan Artemidorus ne, Bagirke mai fassarar mafarki na ƙarni na 2 Miladiyya, wanda ya bi kasuwanni yana sauraron masu duba, ya ce ma'anar mafarki tana sauyawa gwargwadon sana'ar mai shi da matsayinsa. Na bi sawun littafinsa har Bagadaza, inda Hunain bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya mayar da shi Larabci. Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro tun daga shafin farko har na ƙarshe, ya rubuta a gefe wai wannan tatsuniya ce, ba nazari ba. Ranar zama na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in nuna hujjata." Ya ɗaga hannu, sauran malamai suka gyaɗa kai, alhali babu wanda ya buɗe babin. Daga baya na zauna a wani taron ƙara wa juna sani, na ji jimlolina suna fitowa daga bakinsa, sunansa kaɗai a kan takardar. Har yau idan na tuna, ƙirjina zafi yake.

Penelope, matar jarumi Odysseus a waƙar Girkawa ta Odyssey, ce ta riƙe ni a lokacin. Ta yi mafarkin gaggafa ta kashe mata dinya 20, ta kuma ce ƙofofin mafarki biyu ne: na gaskiya ta ƙofar ƙaho yake fitowa, na yaudara ta ƙofar hauren giwa. Tana wannan kokwanto, mijin da ta shekara 20 tana jira yana zaune gabanta cikin tsummokaran bara. A ganina Girkawa sun fahimci cewa ko a farke ma ɗan Adam da ƙyar yake gane abin da ke gabansa.

Ga masu tasowa: ku riƙa tura kowane babi ta imel, ku adana kwafi mai kwanan wata. Ku nemi malami na biyu ya karanta.

Kundina ya fita babu wancan babin. Na sake gyara shi, na aika wa wata mujalla da sunana.