Ni dai bugu na 5 na zaɓa

Duk sanda muka zauna wasan Dungeons & Dragons sai an tayar da gardamar wane bugu ya fi, kuma wallahi ba a taɓa gamawa. Wasa ne na tebur da kowa ke zama jarumi a cikin labari, ana jefa dayis a ga ko abin da ya gwada ya yiwu. Tun 1974 yake, Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro shi, to ka ga dole kowa yana da nashi gwanin.

Akwai wani abokina da ya rantse da bugu na 2 na 1989, wai shi ne wasa na gaskiya. Ni kuma lissafinsa na THAC0, wato na gano lambar da za ka samu a dayis kafin saranka ya samu abokin gaba, shi ne ke juya min kai, ace lambar sulkenka in ta yi ƙasa shi ne ka fi kariya, kana tsakiyar faɗa da dodo kana ta ɗebe lamba a kai, haba! Bugu na 3.5 na 2003 kuma yana da daɗi wajen gina jarumi amma dokoki sun yi yawa, sai a kwashe rabin awa ana buɗe littafi kan kokawa ɗaya. Na 4 bai shiga raina ba.

Na 5 da ya fito 2014 shi ya kama ni, saboda in kana da rinjaye, wato yanayi ya ba jaruminka dama a kan abin da zai yi, kawai ka jefa dayis mai fuska 20 guda biyu ka ɗau babba, shikenan labari ya ci gaba. Ƙanwata ma a zama ɗaya ta koya, yanzu ita ke jan wasan.