Kafin ku haɗa teburan bayanai da ginshiƙansu ba su dace ba

Duk wanda ya fara aikin ƙididdiga da manhajar R ko Python ko Stata, ba zai jima ba zai ci karo da teburan bayanai biyu da ya kamata a ce iri ɗaya ne, amma ginshiƙansu, wato layukan tsaye, sun ƙi daidaita: wannan yana da 12, wancan yana da 14, ko kuma sunayen sun sha bamban. Shawarata ga ƙannena masu tasowa a wannan fanni ita ce ku daina jin haushin saƙon kuskure, domin ɓarnar da ta fi cin rai tana aukuwa ne a lokacin da manhaja ta yi shiru, ta miƙo muku tebur mai kyan gani.

Umarnin rbind na R ba ya yarda ya ɗora tebur a ƙarƙashin wani sai yawan ginshiƙai da sunayensu sun zo daidai. A farkon koyona na ɗauki wannan a matsayin taurin kai, don haka da na gano bind_rows na dplyr (wani ƙarin ƙunshin umarni na R), wanda ke karɓar duk abin da aka ba shi ya cike gurabun da suka rage da NA, wato alamar gurbi wayam, sai na rungume shi ba tare da tambaya ba. Akwai wani bincike mai zagaye biyu da na haɗa ta wannan hanya. A zagayen farko an rubuta sunan ginshiƙin "nauyi", a na biyu kuma "Nauyi", alhali R yana bambanta babban harafi da ƙarami. Sai aka samu ginshiƙai biyu, kowanne rabinsa wayam. Na fitar da matsakaicin nauyi, na kuma sa na.rm = TRUE kamar yadda na saba, wanda ke watsar da gurabun da ba komai. Lissafin ya fito tsaf, amma na zagayen farko ne kaɗai, ni kuwa na gabatar da shi da sunan na mutanen duka. Da a ce na saurari ƙorafin rbind tun farko, da na ga bambancin harafin nan cikin minti guda.

Ba ina cewa ku guji bind_rows ba, ko takwarorinsa, concat na pandas (ƙunshin sarrafa tebura na Python) da append na Stata. Kayan aiki ne masu kyau. Sai dai ku sani cewa gurbin da suka cike muku ba daidai yake da gurbin da mai amsa ya ƙi amsawa ba. Tambayar da ba a yi ta ba sam a zagayen farko daban, tambayar da aka yi aka ƙi amsawa daban, amma bayan haɗawa duka NA za ku gani. Saboda haka ku riƙa ƙara ginshiƙin da ke nuna fayil ɗin da kowane layi ya fito: .id a dplyr, keys a pandas, generate a Stata. Masu pandas kuma su lura cewa da zarar NaN, wato irin nasu NA, ya shiga ginshiƙin cikakkun lambobi, 25 kan koma 25.0.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne suna ɗaya, ma'ana biyu. Ginshiƙin "shekaru" yana iya ɗauke da watanni a teburin yara, da shekaru a teburin manya. Wani fayil ya ba namiji lamba 1, wani ya ba mace. Wani mai shigar da bayanai ya rubuta 99 da nufin "ba a sani ba", ku kuma ku lissafa shi a matsayin tsoho mai shekara 99. Babu manhajar da za ta yi muku gargaɗi a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haka nan UNION, umarnin ɗora tebur a kan tebur a SQL (harshen rumbun bayanai), ba ya duba suna ko kaɗan, matsayi kawai yake bi, don haka idan tsawo da nauyi sun yi musanyar wuri a tebur na biyu, zai zuba wannan cikin wancan. Zaɓin force a append na Stata kuwa, a ganina bai kamata mai koyo ya taɓa shi ba, domin idan rubutu ya haɗu da lamba, abin da ke cikin fayil na biyu yake mayarwa gurbi wayam.

Haɗawa ta gefe, wato merge, ita ma na sha wuya a hannunta. Lambar shaida "007" ta koma 7 a ɗaya daga cikin fayilolina saboda an karanta ta a matsayin adadi, merge na R kuma, wanda a tsarinsa na asali layukan da suka sami abokan haɗi kawai yake riƙewa, ya zubar da duk masu sifili a gaba bai ce uffan ba. Akasin haka ma yana faruwa: idan lamba ta maimaitu sau 2 a nan, sau 3 a can, layuka 6 za ku samu, mutum ɗaya ya riƙa rinjayar lissafi. Tun sigar 1.1.0 ta shekarar 2023 dplyr yake gargaɗi a kan irin wannan, pandas yana da validate mai duba maimaituwar lamba da indicator mai nuna teburin da layi ya fito, Stata kuma yana ƙirƙirar ginshiƙin _merge mai lambobi 1 (fayil na farko kaɗai) da 2 (na biyu kaɗai) da 3 (duka biyu). Ku karanta su, kada ku goge su da sauri don tebur ya yi tsabta.

Abin da nake yi yanzu yana cin lokaci, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin in haɗa komai, nakan jera ginshiƙan kowane fayil a gefen juna da suna da nau'i da ma'auni da lambar da ke nufin babu amsa, in yi amfani da setdiff in ga sunayen da ke nan babu su a can. Gyaran suna da ma'auni a cikin rubutun umarni nake yinsa, ba da hannu a Excel ba, domin wanda zai gaji aikin ya ga abin da aka sauya da dalilin sauya shi. Sannan nakan rubuta adadin layukan da nake sa ran gani tun kafin in danna umarnin: tebur mai layi 400 da mai 350 idan aka ɗora su, 750 ne ba ragi ba ƙari. Bayan haɗawa sai in ƙirga NA na kowane ginshiƙi bisa fayil ɗin asali, in kuma sa anti_join ya nuna mini layukan da suka rasa abokan haɗi, in bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in fara wani lissafi.